An ce jinina ne ke faɗa da na mijina

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ina bin shirinki kowane mako, kuma sau da yawa nakan ɗauki waya in kira sai in fasa, don maganar ba ta faɗuwa a minti biyu, mutanen gidanmu kuma za su gane muryata. Shi ya sa na rubuto. Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 36. Na haifi yara uku da mijina na farko, Allah ya jiƙansa, duk a gida, ko ciwon kai ban yi ba. Bayan rasuwarsa na yi shekara 6 a gidanmu kafin Allah ya haɗa ni da wanda nake aure yanzu. Da na samu ciki bara ban ɗauki awo da muhimmanci ba, ina ganin ai ni tsohuwar hannu ce. Sau biyu kacal na je.

Cikin yana wata bakwai ƙafafuna suka kumbura, aka ce ai kowace mai ciki haka take. Sai fuska ta bi, sai hannu, har zoben azurfar da ke yatsata ya nutse a nama, sai da aka sa sabulu da zare aka fitar da shi. Kaina yana sarawa kamar ana buga guduma, ina ganin wani ƙyalli-ƙyalli a idona, ga zafi a ƙasan haƙarƙarin dama da na ɗauka olsa ce. Wata asuba na tashi alwala, daga nan ban sake sanin inda nake ba. An ce na faɗi ina jijjiga, na taune harshena. Mutanen gida suka ce iska ce, aka kunna turare, aka kawo rubutu, sai da rana ta fito sannan maigidana ya ce a'a, asibiti za a tafi. Jinina ya kai 170/110, fitsarina cike da furotin. Suka yi mini allurar hana jijjiga, wato magnesium sulfate, a ɗuwawu biyu, har yau ban manta zafinta ba, suka ce dole a raba ni da cikin in ana so in rayu. Namiji ne. Kwana biyu ya yi a kwalba ya koma.

Likitan da ya sallame ni mutumin kirki ne, ya zaunar da mu har da zane a bayan katina. Ya ce rabin halittar jariri daga uba take, don haka a wajen garkuwar jikin uwa shi baƙo ne, amma Allah ya tsara garkuwar ta sassauta ta karɓe shi. A farkon ciki mabiyiya tana kafa saiwa a bangon mahaifa, tana buɗe jijiyoyin jinin wurin su yi faɗi don jini ya wadaci yaro, kuma sai da haɗin kan garkuwar uwa aikin ke tafiya. In ba su daidaita ba jijiyoyin sai su tsaya a tsuke, mabiyiya ta galabaita, ta riƙa sakin wasu sinadarai da ke ɓata jijiyoyin jinin uwar. Daga nan jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da furotin, yawanci bayan mako na 20. Ya ce abin ya fi samun mai cikin fari, da mai tagwaye, da wadda ta daɗe ba ta haihu ba, kuma wadda ta sake miji jikinta kan koma kamar na mai cikin fari.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta jawo mini abin da nake ciki. Maigidana bai ce komai ba a asibitin, amma ya maimaita wa mahaifiyarsa yadda ya fahimta, ita kuma ta ce to ga shi likita da bakinsa ya ce jininmu bai haɗu ba. Tawa mahaifiyar ma ba ta taimaka ba, ta ce ai da marigayi lafiya lau nake haihuwa. Yanzu dangi biyu kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Mun yi gwajin jini kafin aure, ni AA shi AS, rukunin jinina kuma O positive, na nuna musu takardar, ba wanda ya saurare ni. Shi bawan Allah bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, sai dai ya yi shiru, shirun nan kuwa ya fi duka ciwo. Rannan na ji shi a waya yana cewa wataƙila shi ne ya kashe ɗansa.

Yanzu ina ɗauke da ciki na mako 11. Wannan karon na fara awo tun da wuri, jinina 120/80. Likitar da ke duba ni a wurin awo ta ce tunda ciwon ya taɓa faruwa yana iya dawowa, ta rubuta mini ƙaramin asfirin mai 75mg, guda biyu kullum da daddare daga mako na 12, da ƙwayar kalsiyam. Surukata ta ga maganin a kan madubi ta ce asfirin tsinka jini yake yi, zai zubar da cikin, ta kawo mini saiwoyi in jiƙa. Tsakani da Allah ba mugunta ba ce, jikanta take ji wa tsoro, kuma ni ma da ta faɗa sai gabana ya faɗi, domin na san ana hana masu ciki magunguna da yawa.

Likita, ki gaya mini gaskiya. Asfirin ɗin nan zai taɓa yaron, ko zai sa in zubar da jini wajen haihuwa? Tunda ciki na biyu ne da wannan mijin, shin jikina ya saba da shi, ko haɗarin yana nan yadda yake? Na sayi na'urar awon jini ta gida, sau nawa zan riƙa aunawa, kuma in ya kai nawa ne zan bar komai in tafi asibiti ko da tsakar dare ne? Sannan an ce mini jinin kan iya hawa har bayan haihuwa, ga shi tuni ana maganar wankan jego da kunun kanwa, ni kuwa ina jin tsoron kanwar nan, ban san yadda zan ƙi ba tare da an ce na raina manya ba.

Abin da ya fi damuna dai shi ne mijina. Da rediyo yake kwana, kuma yana jin maganarki. Ina roƙonki ki yi bayanin garkuwar jikin nan da Hausar da zai gane, ki bambanta masa ita da abin da mutane ke kira rashin haɗuwar jini, domin ni na yi iya yina bakina ya gaza. Ranar Litinin mai zuwa zan cika mako 12, ƙwayoyin suna nan a jakata ban ɓalle ko ɗaya ba.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ƙanwarki,
daga Funtuwa