Zuwa ga Ɗana Habibu, a Kan Idon Katako

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Injamena. Mu a nan Garwa lafiya lau, sai zafi. Innarka na gaishe ka.

Na ji bayaninka a kan firam ɗin ƙofofi da tagogin da ka yi wa farin fenti, idanun katako suka fito rawaya-rawaya, mai gida ya kira ka. Ka ce za ka ƙara shafi biyu a kai. Kada ka yi, Habibu. Asarar fenti ce kawai, tabon zai dawo.

Idon nan da kake gani, wurin da reshe ya fito ne daga jikin bishiya. Farin katakon ayus da muka saba da shi, wanda ake ɗauko wa daga kudu a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, manyan motoci su haura da shi har Kusiri, ba ya ba da wannan wahala sosai. Amma katakon fayin na akwatunan kaya da kuke saya don araha, idonsa cike yake da ƙaro. Da zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40, ƙaron sai ya narke ya ratso fenti, musamman fentin ruwa. Ko shafi nawa ka yi, ratsowa zai yi.

Ka fara goge wurin da samfefa har katako ya bayyana. Ka taɓa idon da yatsa. In ka ji yana manne maka, ka ajiye katakon a rana ko ka ɗumama shi da na'urar iska mai zafi, za ka ga ƙaron yana tsattsafowa ɗigo-ɗigo kamar zuma. Ka kankare shi, ka goge da tsumma mai ɗan tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ka bari ya bushe sarai. Idon da ya yi baƙi yana girgiɗi kuwa ya mutu, cire shi za ka yi, ka toshe ramin da guntun katako da gam, ko da foti.

Sai maganin kansa. Ka je kantin kayan gini ka nemi gwamlak, wani ƙaro ne da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan. Ana sayar da shi ɓawo-ɓawo, a jiƙa a sifirit har ya narke. Ƙaron katako ba ya iya ratsa shi. Ka shafa shi siriri da ƙaramin buroshi a kan idon, ka ɗan zarce gefensa da faɗin yatsa. Ka ba shi kamar awa guda, ka sake shafawa. In ya bushe ka bi shi da samfefa mai laushi a hankali don kada gefen ya yi tudu a ƙarƙashin fenti, sannan shafin fenti na farko, sannan na gamawa. Kaɗan za ka riƙa haɗawa, domin in ya yi watanni a kwalba ba ya bushewa da kyau. Kuma sifirit wuta ce, kada yaran shagonka su kunna ashana kusa da shi. A katakon da ruwan sama ke duka, kan idon kaɗai za ka sa gwamlak ɗin.

Game da mai gidan, ka je da ƙafarka, kada ka aiki yaro. Ka nuna masa idon, ka gaya masa dalili, ka gyara ba tare da karɓar ko dala ba. Nan gaba kuma, in mai ba ka aiki ya kawo katako mai idanu, ka faɗa masa tun kafin a yi ciniki cewa akwai ƙarin yini guda da kuɗin gwamlak. In ya ƙi, gara ka bar aikin, don sunanka ne a jikin ƙofar nan.

In ba ka samu gwamlak a Injamena ba, ka kira ni, zan sayo a nan in ba direban mota ya kawo maka. Ka gaida matarka da yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka