Ka Dubi Wanda Aka Ɗaga

Ɗana,

Saƙonka ya iso. Ka ce ka daina zuwa sujada sai ka gyara halinka tukuna, wai kana jin kunyar Allah. Na ji daɗi da zuciyarka ba ta mutu ba, amma wannan shawara ban yarda da ita ba.

Buɗe Littafin Ƙidaya 21. Isra'ilawa sun tashi daga Dutsen Hor suna kewaye ƙasar Edom, suka gaji, suka yi wa Allah da Musa gunaguni har suka raina abincin da yake ba su. Macizai masu dafi suka shiga cikinsu, mutane da yawa suka mutu. Roƙonsu shi ne a kawar da macizan, amma Allah ya ce wa Musa ya ƙera maciji ya sa a kan sanda. Musa ya yi na tagulla. Duk wanda aka sara, in ya dube shi, sai ya rayu. Ba a ce ya matse dafin tukuna ba.

Yesu da bakinsa ya gaya wa Nikodimu, a Yahaya 3, cewa haka za a ɗaga Ɗan Mutum. Macijin nan inuwa ce, gicciye ne ainihin abin. Dafin kuwa zunubi ne, wanda Bulus ya ce a Romawa 5 ya shigo duniya ta wurin mutum ɗaya, Adamu. A nan kuma ya ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ka san manomin da kububuwa ta sara a gona, ƙafa ta kumbura, jini na fita a dasashi, ba ya cewa bari kumburin ya saɓe kafin a kai shi asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo.

Sai dai ka kula. Daga baya mutane suka riƙa ƙona wa macijin turare, har Sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda 2 Sarakuna 18 ya nuna. Ni dai ina ganin haka ne ke faruwa da masu dogara ga man shafawa da ruwan addu'a fiye da Mai Ceto. Kada kuma ka mai da kowace sanda da ka gani a Tsohon Alkawari gicciye. Ka bi inda Sabon Alkawari ya nuna da kansa, kamar ɗan ragon Idin Ƙetarewa da kwana ukun Yunusa.

Ranar Lahadi ka je majami'a. Ka furta abin da ka yi ga Ubangiji, wanda ka cuta kuma ka same shi ka nemi gafara. Babanka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka kira ni bayan an tashi.

Mamanka