Bayan sallama daga asibiti, wa ke koya wa iyali jinyar mai shanyewar ɓarin jiki?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana kan jinyar gida, musamman ta wanda hawan jini ya kayar ya samu shanyewar ɓarin jiki.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mutum ya yi mako biyu ko uku a gadon asibiti, jini ya sauka, likita ya rubuta sallama. A miƙa wa iyali leda cike da magani da katin ranar dawowa, a tallafo shi a sa a mota, sai gida. Wadda jinyar za ta hau kanta, matarsa ce ko 'yarsa ko surukarsa, ba wanda ya zaunar da ita ko na rabin awa ya nuna mata yadda ake juya mutum ko ba shi ruwa. Bayan wata guda sai a dawo da shi jiki ya yi zafi rau, da rami a ƙasan bayansa, a ce ai ciwon ne ya tashi. Alhali abin da ya dawo da shi ɗayan uku ne: gyambon kwanciya, ko abincin da ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, ko ƙwayoyin cuta da suka hau ta robar fitsari. Duka ukun ana iya tare su da abin da ke cikin ɗaki.

Gyambon ya fi wahalar da mutane, don haka za mu daɗe a kansa. Mai lafiya ko barci yake yi yana motsawa bai sani ba. Wanda jikinsa ya shanye ba ya iyawa, sau da yawa ma ba ya jin zafin da zai sa ya ce a juya shi. Nauyinsa sai ya matse fata da tsoka tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga can ciki kusa da ƙashi kafin ido ya ga komai. Shi ya sa ɗan tabon da bai wuce faɗin kwabo ba yakan buɗe cikin 'yan kwanaki ya zama kogo. Wuraren da za a duba safe da yamma su ne ƙashin da ke saman tsagar ɗuwawu, gefen kwatangwalo biyu, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya da bayan kunne. Littattafan jinya da aka rubuta a Turai cewa suke a duba ko fata ta yi ja. A jikinmu ja ba ya fitowa sosai. A nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, a taɓa da bayan hannu a ji ko ya fi zafi, ko ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. A haska da fitilar waya, domin ɗakunanmu da yawa ba haske.

Maganinsa juyi ne duk awa biyu, dare da rana. Wasu kan ce suna juya shi duk lokacin salla. Niyya ce mai kyau, amma tsakanin Asuba da Azahar ya haura awa bakwai, tsakanin Isha'i da Asuba kuwa ya fi haka. A saita ƙararrawar waya, a manna takarda a bango ana rubuta lokaci da ɓangaren da aka kwantar da shi: dama, rigingine, hagu.

Ga yadda ake yi. A ninka zani mai ƙwari biyu, a shimfiɗa shi a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya. Mutum biyu su tsaya gefe da gefe, su naɗe bakin zanin kusa da jikinsa, su ɗaga shi tare su matsar da shi gefen katifa. Ɗagawa, ba ja ba, domin jan mutum a kan shimfiɗa yana yage ƙananan hanyoyin jini a ƙarƙashin fata. Sai a lanƙwasa gwiwar ƙafar da za ta koma sama, a ɗora hannunsa a ƙirji, a mirgino shi da hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu. A tura filo a bayansa yadda zai ɗan karkata kawai, kada ya hau kan ƙashin kwatangwalo gaba ɗaya. Filo na biyu tsakanin gwiwoyi, na uku a ƙarƙashin hannun da ya shanye. In rigingine yake, a sa filo a tsaye ƙarƙashin sha-raɓa har dunduniya ta tashi daga katifa, tafin hannu ya iya wucewa ƙarƙashinta. Filo huɗu ko biyar sun isa, kuma tela zai ɗinka su da auduga ko tsofaffin tsumma.

Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari ta zauna ƙarƙashin zanin gado, kada ta taɓa fata, don tana tara gumi ta jiƙa fatar har ta sale. A miƙe zanin gadon sarai, a kakkaɓe ɓurɓushin abinci. Da ya ɓata jikinsa a wanke da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a tsane da tawul ta hanyar dannawa a hankali, a shafa basilin ko man zinc. Kada a barbaɗa hoda, dunƙulewa take yi. Kada a murza wurin da ya fara duhu da man zafi, ƙara masa rauni ake yi. Tiyub ɗin taya da ake hurawa a ɗora mutum a kai shi ma yana tare jini a kewayen wurin. Katifar iska mai inji tana taimakawa, amma da an ɗauke wuta takan sace mutum ya sauka kan abin da ke ƙasa, kuma ko da ita ba a fasa juyi.

In fata ta riga ta buɗe, a ɗauke nauyi daga wurin kwata-kwata, a nemi ma'aikacin jinya ya gani. Abin wankewa ruwan gishirin asibiti ne na kashi 0.9 da ake sayarwa a kemis. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri ƙaramin cokali biyu a shafe, a bar shi ya huce a rufe, a yi sabo kullum. Ban da sifirit, ban da Dettol, ban da toka, ban da fasa kafso a zazzage garin a ciki. Wari, mugunya, baƙin nama, zazzaɓi ko rikicewar hankali, duk alamu ne na a koma asibiti a ranar. Kuma miki ba ya cikowa da koko zalla. Yana son ƙwai, wake, kifi, awara, nono, kunun gyaɗa, sai dai in likita ya taƙaita saboda ciwon ƙoda.

Sai ciyarwa. Shanyewar jiki takan taɓa tsokokin haɗiya, kuma ruwa tsararo ya fi komai saurin kuɓucewa zuwa huhu. A zaunar da shi tsaf, kai ya ɗan sunkuyo, a ba shi da ƙaramin cokali ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Kunu mai kauri da tuwo mai laushi da miya sun fi ruwa-ruwa aminci. Tari lokacin ci, murya ta koma kamar ta mai kurkure baki, ko ido ya kawo ruwa, a dakata a sanar da likita, wataƙila sai an sa robar ciyarwa ta hanci. Bayan ya gama a duba cikin kuncin da ya shanye, abinci kan maƙale a nan, a goge baki da haƙora sau biyu a rana, a bar shi zaune rabin awa. Ɗura kuwa haɗari ce babba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, ko ruwa ne ko magani ko rubutu. A yi masa addu'a, a shafa masa a jiki.

Robar fitsari ba ta da dogon bayani. Jakar ta kasance ƙasa da mara koyaushe, a rataye, kada ta taɓa ƙasa, kada robar ta lanƙwashe ƙarƙashin cinya. A zubar in ta kai kashi biyu cikin uku, a wanke hannu kafin da bayan. Ma'aikacin lafiya kaɗai ke canza ta, kuma a tambayi ranar canji tun a asibiti, domin ta roba zalla ba ta wuce 'yan makonni, ta silikon kan kai wata uku. In awoyi suka wuce ba fitsari kuma mara ta kumbura, ta toshe ne.

Abin da ke ba mu takaici shi ne kafaɗa. Ana son tayar da mutum sai a kama hannun da ya shanye a finciko. Tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, ƙashin sai ya zame daga gurbinsa, ya bar shi da ciwon da zai hana shi atisaye wata da watanni. A tallafe shi ta bayan allon kafaɗa da ƙugu. Kowace gaɓa a lanƙwasa ta a miƙe a hankali kamar sau goma, safe da yamma, a tsaya inda ya ji zafi. Gashi da ruwan zafi ko dutse a jikin da ba ya ji ƙuna yake kawowa, haka kaskon wuta kusa da ƙafa lokacin hunturu. In sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada a matsa ta, mai yiwuwa gudan jini ne da zai iya tafiya huhu. Watannin farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa, don haka kada a yi wasa da ranakun ganin likitan gashin ƙashi. A Kano akwai sashen a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na ƙashi da ke Dala.

Maganin hawan jini ba a daina shi don awo ya yi kyau, maganin ne ya sa ya yi kyau. A sayi na'urar awo ta damtse, a riƙa rubutawa, in ana yawan ganin 140 bisa 90 ko sama a gaya wa likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Diclofenac da ibuprofen da ake saya don ciwon jiki suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda. Mai ciwon suga da ya ƙi cin abinci amma aka ba shi maganinsa, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70, ya yi gumi ya suma. Karkacewar baki, sabon raunin hannu ko harɗewar magana kuwa, asibiti nan take, kuma kada a ba da asfirin kafin hoton kai ya nuna toshewa ce ko fashewar jijiya.

'Yan dubiya ma da abin faɗa musu. A cika ɗaki da jama'a da katan-katan na lemo, mai jinya kuma ta kwana uku ba ta runtsa ba. Wanda ya kawo famfas da safar hannu, ko ya karɓi juyin dare ɗaya a mako, ya fi taimako. 'Ya'ya maza su shiga jadawalin, ɗaga babban mutum ba aikin mace ɗaya ba ne. Masu ɗaukar ma'aikacin jinya na kuɗi su nemi ganin lasisinsa na hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ko ta jami'an lafiyar al'umma, domin ba duk mai farar riga ya cancanci sa roba ko allura ba.

Roƙonmu ga hukumomi biyu ne, kuma ba masu tsada ba. Asibitoci su mayar da shi ƙa'ida cewa ba a sallamar wanda ba ya iya tashi sai mai jinyarsa ta juya shi, ta ciyar da shi, ta zubar da jakar fitsari a gaban nas da hannunta, a kuma ba ta takarda da Hausa, boko da ajami, mai zane. Na biyu, takardar sallama ta riƙa isa asibitin shan magani na unguwarsu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, kuma tun 2018 aka ƙaddamar da shirin CHIPS na masu bi gida-gida. Hankalinsu ya fi karkata ga masu ciki da yara, wanda daidai ne, amma ƙofar da suke shiga ita ce wadda tsohon ke kwance a bayanta. A ƙara musu horo kan duba fata da awon jini, jami'in lafiya kuma ya leƙa gidan a makon farko bayan sallama, sannan sau biyu a wata har wata uku.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naka,
Wasu ma'aikatan jinya da gashin ƙashi, Kano