Felet na da araha, amma ba ga ɗan haya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwanmu mazauna Turai, musamman na nan Jamus, don na san da yawansu suna karanta ku ta intanet. Sanyi ya ƙarato, kuma maganar felet, ƙwayoyin dusar katako da ake ƙonawa a ɗumama gida, ta sake tasowa a zaurukanmu na WhatsApp. Ana ta yawo da bidiyo cewa duk wanda ya koma ɗumama gidansa da shi, kusan rabin kuɗin da yake kashewa zai dawo aljihunsa. Ni wannan ce sana'ata. Ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai kafa injinan ɗumama gida da gyara su a ƙauyukan Bavariya, kusa da iyakar Ostiriya. Felet ɗin kansa yana da araha, ba na musun wannan. Sai dai arahar tana faɗawa ne hannun mai gidan kansa, mai wurin ajiya, mai jarin farawa. Mu kuwa yawancinmu 'yan haya ne, kuma ba na son in ga ɗan'uwa ya zuba guminsa inda ba zai dawo ba.

Ga masu karatu na gida da ba su taɓa ganinsa ba, felet dusar katako ce da ake kwasowa daga masana'antun yankan katako, a busar da ita, a matse ta da inji har ta dunƙule ta zama 'yan ƙwayoyi masu kaurin milimita 6. Ba sai an zuba mata gam ba, zafin matsar ne ke narkar da danƙon da ke jikin itacen ya riƙe ta. Damshin da ke cikinsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, shi ya sa yake ci da kyau, tokarsa kaɗan. Jamus na sarrafa fiye da tan miliyan 3 a shekara. Duk da haka kusan rabin gidajen ƙasar da iskar gas ake ɗumama su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma da man ɗumama gida, wanda ɗan'uwan dizal ne.

Lissafin da masu bidiyo ke yi daidai ne, a tsakiya kawai suke tsayawa. Kilo biyu na felet na ba da zafi daidai da lita ɗaya ta mai, wato wajen yunit 10 irin wanda mitar wuta ke ƙirgawa. Mu ɗauki gida mai shan lita 2,000 a shekara. In lita tana Yuro ɗaya, kuɗin mai ya kama Yuro 2,000. Gidan nan zai ci tan 4 na felet, in tan yana Yuro 300, ya kama Yuro 1,200. Rarar Yuro 800 ke nan, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Gwamnati ma ta sa hannu a wannan tazarar. Harajin saye a kan felet kashi 7 ne, a kan mai kashi 19. Ga kuma harajin hayaƙi da aka ɗora wa mai da gas tun 2021, wanda ya fara da Yuro 25 a kan kowane tan na hayaƙin da aka fitar, ya kai 45 a 2024, ya kai 55 a 2025. Felet ba ya cikin wannan harajin.

To, a ina za a ƙona shi? Nan ne bidiyon ke yin shiru. Babban injin felet mai ɗumama gida gaba ɗaya, da ɗakin ajiyarsa, da tankin ruwan zafi, da gyaran bututun hayaƙi, yana iya lashe Yuro 30,000. Sabon injin gas ko na mai bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba, ko ya ɗara kaɗan. Akwai tallafi, gaskiya ne. A tsarin da aka fara a 2024, bankin gwamnati na KfW na ɗaukar kashi 30 na kuɗin, yana iya kai wa kashi 70 ga mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune a gidan kansa, kuma ana lissafin ne a kan abin da bai wuce Yuro 30,000 ba. Wanda ya samu kashi 30 kawai, zai biya 21,000 daga aljihunsa, wato ya ɗara mai sayen injin gas da wajen 10,000. Sannan rarar nan ta 800 ba duka take shiga aljihu ba. Injin felet ya fi son kulawa: mai gyara zai zo kowace shekara ya buɗe shi ya share, mai sharar bututun hayaƙi zai zo sau biyu, ga lantarkin da fankarsa da na'urar tura ƙwayoyin ke sha. In ka cire wa waɗannan Yuro 250, saura 550. Raba 10,000 da 550 ka gani: shekara 18. Injin kansa shekara 20 ake sa ran zai yi. Kafin ya gama biyan kansa, ya tsufa.

Amma a canza gida ɗaya kawai, lissafin ya juye. Akwai tsofaffin gidajen manoma a yankinmu, masu kaurin bango da ɗakuna barkatai, da ke shan lita 4,000. Irin wannan gida rararsa 1,600 ce, ko an cire kuɗin kulawa, cikin shekara bakwai ko takwas injin ya fanshi kansa, sauran shekarun riba ce zalla. Masu irin waɗannan gidajen nakan ce musu su saya, kuma ban ga wanda ya yi nadama ba. Gwargwadon yawan zafin da gida ke buƙata, gwargwadon ribar felet. Ƙaramin gida mai rufi mai kyau da tagogi na zamani kuwa, na'urar lantarki mai zuƙo zafi daga iskar waje ta fi dacewa da shi, ko da yake ita ma tana da nata tsadar.

Sai maganar ajiya, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan zancen. Tan 4 na felet na buƙatar wuri ninki uku na tankin lita 2,000, wato wurin da zai ci wajen lita 6,000, kuma busasshe ƙarau. Mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, motar tanki ce ke zuwa ƙofar gidansa. Direba ya ja tiyo biyu ya ɗaura a bango, ɗaya na hura ƙwayoyin ciki, ɗaya na zuƙe ƙura. Za ka ji suna ƙarar dukan tabarmar robar da aka rataya don kada su farfashe a jikin bango, unguwa ta ɗauki ƙamshin sabon katako, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba an gama sayayyar shekara. Kuma a watan Mayu ko Yuni yake saye, lokacin da ba mai nema, farashi ya sauko. Daidai yake da magidancin da ya auni hatsinsa da kaka ya zuba a rumbu, da wanda ke awon kwano-kwano a tsakiyar damina. Hatsin ɗaya ne, kuɗin ne ba ɗaya ba.

Ɗan haya a bene na uku mai awon kwano ne. Buhu mai kilo 15 zai saya a kanti, a watan Janairu, lokacin da kowa ke nema. In buhu ya kama Yuro 6, tan ya zama 400 ke nan. Tazarar da ke tsakaninsa da mai ta ragu da rabi, kafin a sa kuɗin man mota da ciwon baya. Na taɓa shiga wani gida na tarar an jibge buhuna a baranda an rufe da leda. Ruwa ya samu kafa ya shiga. Da na yaga buhu ɗaya, ƙwayoyin sun kumbura sun koma dusa jiƙaƙƙiya, ka damƙa ta dunƙule a hannu. Ba ta ƙonuwa, in an matsa aka zuba ta a murhu sai ta toshe na'urar da ke tura ta. Kuɗin wata guda ya tafi a banza.

Wani zai ce ai ba babban inji yake nufi ba, ƙaramin murhun falo ne, wanda ake samu a 'yan dubbai, ko na hannu a ɗaruruwa. Ɗan'uwa, tsaya tukuna. Murhun nan sai da bututun hayaƙi, bututu sai da izinin mai gidan, kuma ba a kunna shi sai jami'in sharar bututu na yankinka ya duba ya amince. Wani bawan Allah daga cikinmu ya sayi na hannu ta intanet, ya ɗauko shi da ƙyar, mai gidan ya ce atafau ba za a huda masa bango ba. Murhun na nan a ajiye har yau. A kuma yi hattara da na hannu ɗin: dokar hayaƙi ta Jamus ta ba murhunan da aka kafa tsakanin 1995 da Maris 2010 wa'adin ƙarshen 2024, duk wanda bai cika ƙa'ida ba a sa masa matata ko a daina amfani da shi. Wasu daga cikin masu arahar nan da ake tallatawa, irinsu ne. Araha ba ta ado. Ko an kafa shi lafiya, falo kawai zai ɗumama, ɗakin yara da banɗaki suna nan a kan gas, kuma kuɗin wata-wata na gas bai fasa zuwa ba. In aka ɗauke wuta ma, murhun felet mutuwa yake yi, don da lantarki yake aiki.

Masu cewa felet ba ruwansa da rikicin duniya sun manta 2022. Da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu, Tarayyar Turai ta hana shigo da katako da felet daga Rasha, gas ya yi tashin gwauron zabi, kowa ya ruga neman abin ƙonawa. Tan da ake saye wajen Yuro 240 a 2021 ya haura 700 a watan Satumba. Wasu dillalai suka daina karɓar sababbin masu saye. Mutanen da suka ci bashi suka kafa inji don su tsira daga tsadar mai, sai ga shi tsadar ta cim musu a felet ɗin ma. A 2023 gwamnati ta ƙayyade farashin gas a santi 12 kan yunit ga kashi 80 na abin da gida ke sha, masu felet da mai kuwa sai daga baya aka buɗe musu asusun agaji, shi ma ga wanda kuɗinsa ya wuce ninki biyu. Farashin ya sauko daga baya, alhamdulillahi. Amma dusa ragowar aikin katako ce. Duk lokacin da gine-gine suka ja baya, masu yankan katako suka rage aiki, dusa ta yi ƙaranci, farashi ya motsa.

Wanda ya riga ya kafa, ya nemi buhu mai tambarin inganci na ENplus A1. Tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin 100, wato tan 4 ba zai bar maka fiye da kilo 28 ba. Maras tambarin nan mai rahusa, tokarsa narkewa take yi ta daskare a gindin kaskon wuta ta zama dutse mai ƙyalli, sai an sa guduma da kurfi. Abin da ka rage a buhu, ka ba mai gyara.

Akwai abin da ya fi kuɗi muhimmanci, kuma ina roƙon ka, Edita, ko za ka rage wasiƙar nan kada ka cire shi. Felet da aka tara a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar nan mai kisa, ko ba a kunna wuta ba, musamman in sabon kawowa ne. Ita ce dai wadda ke kashe mutanenmu a gida da hunturu, in sun shiga da kaskon gawayi ɗaki sun rufe ƙofa da taga. Ba ta da wari, ba ta da launi. A nan Turai an rasa rayuka a ɗakunan ajiyar felet. Kada a shiga sai an buɗe ya sha iska, kada a shiga ba wani a bakin ƙofa, kada a bar yara su mayar da shi wurin wasa, kuma a sa na'urar ƙararrawa mai jin wannan iskar. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Ɗan haya da ke neman sauƙi, akwai inda zai same shi ba tare da ya sayi murhu ba. Rage zafin ɗaki da digiri ɗaya na rage wajen kashi 6 na abin da ake ƙonawa. A liƙe gefen taga da ƙasan ƙofa inda iska ke kurɗowa, a janye kujera da labule daga gaban ƙarfen ɗumama ɗaki, a buɗe taga gaba ɗaya na 'yan mintuna maimakon a bar ta a karkace yini guda. A kuma karanta takardar lissafin shekara da mai gida ke aikowa, kada a jefa ta a durowa don Jamusancinta ya yi tsauri. Tun 2023 doka ta ce harajin hayaƙin nan raba shi ake yi tsakanin mai gida da ɗan haya, kuma in ginin mai zubar da zafi ne, kason mai gida ya fi yawa. Wanda ke biyan gas ɗinsa kai tsaye ga kamfani, shi zai rubuta wa mai gida ya nemi nasa, in bai nema ba ba wanda zai kawo masa. Ofisoshin kare haƙƙin masu saye, Verbraucherzentrale, suna duba irin wannan takarda su ba da shawara, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi kyauta ne. A je da takardar da kwangilar haya, a tafi da wanda ya ji harshen in ana buƙata.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Bavariya, Jamus