Maigidana ya ce Allah ya kira shi, ni kuwa ban ji komai ba

Baba Fasto,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Mama da yara, da duk waɗanda kuke shirya mana wannan shiri na yammacin Lahadi. Ina roƙo ka sakaya sunana, don a Katsina mu Kirista Hausawa ba mu da yawan da mutum zai ɓace a cikinmu.

Ni matar aure ce, 'ya'yanmu uku, kuma surukata tana zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, tana fama da hawan jini. Maigidana malamin sakandare ne, ni kuma ina ɗinki a gida. Ba mu da arziki, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Tun bara ya soma cewa Ubangiji yana kiransa ya ajiye koyarwa ya tafi aikin bishara a wani ƙauye da ke yammacin jiha, wajen dajin Rugu. Akwai 'yan gidajen masu bi a can, fastonsu ya tashi saboda 'yan bindiga, majami'ar tana kulle, babu mai yi musu baftisma ko ɗaurin aure, ko jana'iza sai wani dattijo ya karanta abin da ya iya. Sun aiko suna neman wanda zai zauna da su. Maigidana ya ce shi ne.

Baba, kada ka ɗauka mutum ne mai rawar kai. Ko takalmi zai saya sai ya kwana yana tunani. Ya yi azumi, ya yi addu'a, kuma ya ce duk inda ya buɗe Littafi Mai Tsarki ko ya saurari wa'azi, Ishaya 6:8 ce take tare shi, inda Ubangiji yake tambayar wanda zai aika. Idan yana maganar mutanen nan idanunsa cika suke da hawaye. Na gaskata cewa da zuciya ɗaya yake faɗa.

Ni ma na yi azumin, na yi addu'ar, amma ban ji komai ba sai tsoro. Ba na manta watan Disamba na 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, iyaye suka cika bakin ƙofar makaranta suna kuka. Mutanen Batsari da Safana da Jibiya da suka gudo cikin gari muna ganinsu kullum, Musulmi da Kirista, wasu ni nake ɗinka wa 'ya'yansu kaya. Su suna fitowa, mu kuma za mu kwashi yara mu shiga.

Mun kai maganar gaban dattawan ikilisiya, sai kansu ya rabu. Wani ya buɗe Luka 9:62, ya ce wanda ya kama garma ba ya waiwaye. Wani ya buɗe Matiyu 10:23, ya ce Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan, ya ƙara da 1 Timoti 5:8 kan mutumin da bai kula da iyalinsa ba. Dukansu masu tsoron Allah ne, dukansu Littafi ɗaya suke riƙe da shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rayuwar Manzo Bulus. A Ayyukan Manzanni sura 9, da aka shirya kashe shi a Dimashƙu, ya yarda aka zura shi cikin kwando ta bayan ganuwa da dare, ya tsere. A sura 21 kuwa, annabi Agabus ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus don ya nuna abin da ke jiransa a Urushalima, 'yan'uwa suka yi ta roƙonsa da kuka, ya ƙi fasa tafiya. Mutum ɗaya, Ruhu ɗaya, wata rana gudu ne biyayya, wata rana kuma tsayawa. Ta yaya ya rarrabe? Littafin bai faɗa mana ya ji murya a kowane karo ba. Mu a wace sura muke, ta 9 ko ta 21?

Maigidana ya so ya yi irin na Gidiyon da ulun tunkiya, wato ya nemi alama daga Allah. Ya ce zai miƙa takardarsa ga hukumar da ke aika masu bishara, in sun karɓa to Allah ne ya buɗe ƙofa. Sun karɓa, kuma ban yi mamaki ba, tunda wurin ba wanda ake rububinsa ba ne. Na tuna masa cewa annabin da aka aika Nineba ya iske jirgin Tarshish a shirye a Yafa, har da kuɗin biya a hannunsa, alhali gudun Allah yake yi. Ya yi shiru, daga baya ya ce ai shi ba gudu yake ba, inda ake gudu ya nufa. Na rasa amsa.

A Zumuntar Mata wasu sun ce mini alamar nufin Allah ita ce salama a zuciya, tunda ba ni da ita, to ba daga Allah ba ne. Na so in kama wannan da hannu biyu, don ta yi mini daɗi. Amma a Gatsemani zufar Ubangiji ta zama kamar ɗigon jini, ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, kuma gicciyen shi ne nufin Uba. Saboda haka ba zan iya cewa rashin kwanciyar hankalina hujja ba ce. Shi ma maigidana, zafin da yake ji a zuciya ba na jin ya isa hujja.

Akwai kuma abin da ke cina a ɓoye. Kakana Bamaguje ne, a asibitin kutare na Babbar Ruga, nan kusa da Katsina, ya fara jin bishara, zamanin da Turawan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) ke kula da wurin. Wani ne ya bar garinsu ya zo ya wanke masa gyambo. Maigidana yakan tuna mini cewa samari uku ne suka fara aikin SIM a 1893, biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka mutu a 1894 ba su ga amfanin wahalarsu ba. Da kowa ya yi irin lissafina, da ban san Almasihu ba. Na yarda da wannan har cikin raina. Sai dai su ransu suka sa a hannu, ni kuwa ana tambayata ran yara uku da ba su zaɓi komai ba, babbarsu budurwa ce ta fara tasowa, kuma Baba ka san abin da nake nufi.

Na kawo shawarar ya riƙa zuwa yana dawowa, mu mu zauna a gari da Inna. Ya ce makiyayin da ba ya kwana da garke, ranar da kura ta zo ba ya nan, kuma biyayya rabi rashin biyayya ce. Bai tilasta mini ba, ya ce ba zai tafi ba sai na amince. Wannan ya fi mini nauyi, don yanzu in kiran gaskiya ne, ni ce na tare hanya.

To Baba, ga abin da nake so ka haskaka mini. Idan Allah ya kira miji, ya kira matarsa ke nan, ko ita ma ta jira nata tabbaci? Na san Afisawa 5 ta ce mata su yi biyayya, na kuma san Saratu ta bi Ibrahim ba tare da sanin inda za su ba, amma biyayyar ta haɗa da yin shiru a kan abin da nake ganin haɗari ne ga yara? Ta yaya zan gane ko tsorona hikima ce daga Allah ko ƙarancin bangaskiya? Kuma in mun yi addu'a iyakar ƙoƙarinmu muka zaɓi abin da ba shi ba, Allah zai ɗauke mu masu tawaye?

Dole ya ba makaranta amsa kafin a koma sabon zango, mutanen ƙauyen kuma suna jira. Tare muke sauraron shirinka, zai gane ni ce na rubuto, kuma na riga na faɗa masa. Don Allah ka yi magana da mu duka biyu, kada ka sassauta don ni.

'Yarka cikin Ubangiji,
daga birnin Katsina