Kafin a sallama wa masu gawayi bishiyar da iska ta kayar

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana manoma, musamman mu na yankin Ringim da Taura. Duk shekara in damina ta kawo kai, wajen watan Mayu zuwa Yuni, iskar nan da ke zuwa gaban hadari ba kwanon rufi kawai take yayewa ba, manyan itatuwa take kwantarwa, wasu ma kakanninmu a haka suka tarar da su. To abin da ke damuna shi ne gari na wayewa kafin mai gona ya gama salati, mai gawayi ya iso a babur da kuɗi a aljihu, a yi ciniki a tsaye, nan da kwana kaɗan sai hayaƙi, shi kenan ɗorawa ta shiga buhu an yi birni da ita.

Ban ce kar a sayar ba fa, wanda iska ta yaye wa ɗaki yana bukatar kuɗin kwano da ƙusa. Amma a duba wace bishiya ce tukunna. In maɗaci ne ai katako ne na gaske, ƙofa da gado da benci duk yana yi, a kira mai injin zarto ya fitar da falanki, rassan su tafi murhu. Ƙirya kuwa masassaƙa ne ya kamata su fara gani, turmi da taɓarya na ƙirya sai a gada, abin da ya rage maƙera na so don gawayinta akwai ƙarfin wuta. Giginya azara ce. Darbejiya, wacce ita ta fi faɗuwa a cikin gari, gara ba ta cika damun itacenta ba, tana yin dirka da turken dabbobi. Kuka kuwa cikinta laushi ne da ruwa, ba girki ba katako, don haka masu gawayi ko kallonta ba sa yi, amma a tsinke ganyen a shanya don miya, ɓawon a yi igiya, kuma in wasu saiwoyinta na cikin ƙasa a bar ta kawai, tana iya ci gaba da rayuwa a kwance.

Sai maganar kututture, wacce ita ta sa na ɗauki biro. Wallahi ina jin takaici in ga an gama yanka an tara kara an cinna wa gindin wuta wai don garma ta wuce. In bishiya karyewa ta yi saiwa na nan, sau da yawa za ta yi toho, darbejiya ma ba sai an roƙe ta ba. A zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Da irin wannan dabara mutanen Maraɗi suka mayar da itatuwa gonakinsu tun shekarun 1980, ba da dashe ba, kuma toho ya fi dashe saurin girma tunda saiwar uwarsa ta riga ta kai ga danshi. Mu 'yan Jigawa da Kano da muke cikin jihohi 11 da ake cewa hamada na turowa, har gwamnatin tarayya ta kafa hukumar Great Green Wall, mai aikin dasa itatuwa don tare hamada, a 2015, mu ne kuma ke ƙona abin da ya riga ya kama.

A kula da rai kuma. In ta faɗo kan wayar lantarki kar kowa ya matsa ko da an ɗauke wuta, a kira ma'aikatan wuta. Reshen da bishiyar ta danne a ƙasa yana ɗaure ne kamar bakan harbi, ana sara sai ya zabura. Wadda ta tumɓuke da saiwa kuwa, in aka yanke gangar jikin, gindin na iya komawa raminsa da ƙarfi, kuma ramin nan shi yara suka fi son shiga wasa. Ga zuma da macizai a kogo.

Rokona ga dagatai da masu unguwanni, wadda ta faɗi a kan hanya ko filin makaranta ko maƙabarta a yi gayya a kawar, a sayar a bainar jama'a, kuɗin ya tafi gyaran rijiya ko rufin aji. Ta gona kuwa a tambayi magada kafin gatari ya sauka, don a wajenmu akan ba da jinginar gona amma ɗorawar da ke ciki ta 'yan gida ce, kalwarta mata ke jira don daddawa. Malaman daji na ƙaramar hukuma su ma su riƙa leƙowa bayan iska, don akwai masu sare lafiyayyar bishiya da dare su ce ai iska ce.

Na gode.

Wani manomi daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa