Zuwa ga Inna, daga Malesiya

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna nan lafiya, ke da Baba da duk mutan gida. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau nake, karatu sai godiya.

Yaya ta gaya mini tun da Auta ya nuna miki hoton nan nawa a cikin teku hankalinki bai kwanta ba, har kin ce a tambaye ni ko karatu aka turo ni ko kamun kifi. Shi ya sa na rubuto, Auta ya karanta miki a tsanake, don a waya ba kya barina in kai aya.

Wurin sunansa Perhentian, tsibirai ne a gabashin ƙasar, cikin jihar Terengganu. Abokin ɗakina ɗan can ne, shi ya matsa mini da aka yi hutu. Kuma Inna, ba kuɗin makaranta na taɓa ba. Motar dare muka hau daga Kuala Lumpur, ita ce ta zama mana masauki, gari na wayewa muna Kuala Besut. Daga nan kwale-kwale mai inji ya tsallaka da mu cikin abin da bai kai awa guda ba. Akwai otal-otal na masu hannu da shuni, mu dai ɗakin katako mai fanka muka kama, mu huɗu muka raba kuɗin. Abinci kuwa ƙauyen masunta muke zuwa, inda shinkafa da kifi ba su kai rabin kuɗin bakin ruwa ba. Abin da kawai ya sosa mini rai shi ne kuɗin kula da teku: ɗan ƙasa ya ba da ringit 5, baƙo 30.

Yanzu maganar ruwan. Wanda kika gani a hoto ba nutso ba ne. Riga ake sa wa mutum mai hana nutsewa, da gilashi da ya rufe ido da hanci, da ɗan bututu a baki wanda kansa ke sama da ruwa. Sai ka kifa ciki kana numfashi kana kallon ƙasa. Ruwan garau yake, har yashin ƙasa kana gani. Na ga murjani yana tsirowa reshe-reshe, ashe abu ne mai rai, an kuma hana taka shi ko ɓalle shi. Wata kififiya, faɗin bayanta ya kai faifanki na tankaɗe, tana kiwon ciyawa a ƙasa ko kallo ban ishe ta ba. Can ta taso ta shaƙi iska dab da ni, har na ji hucinta, ta koma. Inna, tasbihi na yi da bututu a baki.

Nutso na gaske ma na gwada, gara ki ji daga bakina. Tukunyar iska ake goya wa mutum, malami na riƙe da shi. Dokokin biyu ya yi ta nanatawa: kada ka riƙe numfashi, kuma kana sauka kana toshe hanci kana hurawa a hankali don kunne ya buɗe. Shi wannan da tsada. Ɗanɗanawa na yi na bar wa Turawa.

Su Turawan ma sun ba ni mamaki. Akwai wani Bajamushe da matarsa a ɗakin kusa da namu, su ma lissafin kwabo suke yi kamar mu, da hannu suke wankinsu. Na fito da yajin da kika ƙulla mini, mutumin ya zuba a gasasshen kifi, hawaye na zuba yana miƙo hannu a ƙara. Shi ya koya mini shafa yawu a gilashi don kada ya yi hazo. Matar ta tambaye ni ko da teku a garinmu, na ce muna da rijiya.

Kada ki damu da salla. Akwai masallaci a ƙauyen, a kan ruwa aka gina shi. Su mazhabar Shafi'i suke bi, a asuba liman na ɗaga murya ya yi ƙunuti bayan ruku'u, jama'a na amin. Wani tsoho masunci ya ga na saki hannu, bayan sallama ya tambaye ni, na ce Malikiyya. Sai ya ja ni gidansa shan shayi, ya ce ya taɓa zama tanti kusa da 'yan Najeriya a Mina. A dawowa kuma mahaifiyar abokina ta hana mu wucewa sai da muka kwana, ta cika mini leda da wani soyayyen abu na kifi da suke kira keropok. Ta ce in gaishe ki.

Ki kwantar da hankalinki, ko ina so ba zan koma kwanan nan ba. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu iska da ruwan sama kan rufe tsibiran, ni kuma jarrabawa ta matso. Kuɗin maganin Baba na tura wa Yaya, a duba ko sun shiga. In an samu mai zuwa a aiko mini da yaji da kuka, Bajamushen nan ya kusa ƙarar da nawa.

A gaida Baba da Goggo da su Auta. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanki mai ƙaunarki.